Sati Biyun Furen Ceri

"Ki soke tafiyar nan, Sailuba. Khalas, shi ke nan."

Biron da ke hannunta ya faɗi kan taswirar Japan da ta shimfiɗa a falon Yayanta Bashari, a unguwar Shumaisi, can ƙasar Larabawa inda suke aiki. Ko kayan aikinta na nas ba ta cire ba. Ta ɗago ta dubi Mu'azzam, injiniyan da saura wata biyu a ɗaura musu aure.

"Wace tafiya? Motar karafan ɗin fa na kama mana haya jiya! Mai gado da ɗan kicin a ciki. Daga Osaka mu tuƙa zuwa Kyoto, daidai lokacin da furen ceri ke buɗewa. Sati biyu kacal yake yi ya zube, kai ka faɗa min..."

"Har da auren nake nufi."

Ta miƙe tsaye.

"Habibi, me na yi maka?"

Ya cire tabarau.

"Idona ne. Jijiyar ce ke mutuwa, likita ya ce babu magani. Yanzu haka fuskarki kawai nake gani, gefe da gefe duhu ne. Mamanki ta kira ni daga Kano tana kuka, ta ce in dubi Allah in rabu da ke."

"Wa ya gaya wa Mama?"

"Munirat."

'Yar ƙanwar Mama ce, tana aiki a asibitin idon da yake zuwa. Tun ranar da aka kawo kuɗin gaisuwa ta daina yi wa Sailuba fara'a.

"Wato kowa ya sani sai ni!" Hawaye suka ɓalle mata. "Ka yanke min hukunci ba ka tambaye ni ba?"

"Aikina zai tafi, iƙamar zamana a ƙasar nan ta bi shi. Ko motar ba zan iya tuƙawa ba, Sailuba..."

"Ni zan tuƙa!"

Ya lalubi ƙofa ya fita.

Wata bakwai tana fama. Mama ta daina ɗaga wayarta. Kamfani ya sallami Mu'azzam, ya koma Kano ba sallama. Bazarar ta wuce, furen ya buɗe ya zube a hotunan mutane, ita kuwa kullum in ta tashi daga aiki sai makarantar koyon mota. Ta rame har abokan aiki suna tambaya ko lafiya.

Yaya Bashari ne ya gaji da ganinta haka, ya hau jirgi ya je ya durƙusa gaban Mama, sannan ya lallashi Mu'azzam har ya amince. Aka ɗaura auren babu kiɗa babu taro. Mama ta sa albarka tana kallon bango.

Bazara ta zagayo, suka isa Kyoto. Sailuba ta faka karafan kusa da kogi, ta riƙo hannunsa ta sauko da shi a hankali. Wata uku ke nan rabonsa da ganin ko hasken fitila.

Bishiyoyin sun yi fari sol da ruwan hoda, har ba a ganin sama. Ta toshe baki don kada ya ji kukanta.

Iska ta kaɗa. Ya ɗaga fuska, ya shafa kumatunsa.

"Yayyafi ake yi?"

"A'a, mijina... furen ne."

Ya murza ɗaya da ya maƙale a yatsansa a hankali.

"Kar ki yi sauri," ya ce. "Faɗa min kalarsa."