Na Ce Masa Kina Hanya

"Zinnirata... kin kusa?"

Firgigit ta buɗe ido, ta kai hannu kujerar da ke gefenta. Wata tsohuwar Baturiya ce zaune, rungume da tsarabar jikokinta.

Amma muryar Muhsin ce, mijinta. Ko a tsakiyar kasuwar Gwarzo ya yi tari za ta tsince shi. Kuma Muhsin ya rasu tun farkon damina.

Jirgin saman da take ciki cike yake da masu komawa gida Kirsimeti, kowa baki har kunne. Ita ba bikinta ba ne. Hutun ne kawai da ake rufe ɗakin gwaje-gwajen da take aiki a Kanada, har mutum ya samu sararin doguwar tafiya irin wannan.

Tun farko Inna Uwaliya, mahaifiyarsa, ba ta so tafiyar ba.

"Matar aure a garin da ko kiran sallah ba a ji?"

Shi ya tsaya mata, tsayuwar da har dangi suka ce an shanye shi.

"Je ki, sanyin idona. Ina nan biyo ki."

Bai biyo ta ba. Mota ta kaɗe shi a kan babur tsakanin Kabo da Gwarzo. Wayarta na kulle a durowar wajen aiki, kafin ta ga kiraye-kirayen har an dawo daga makabarta. Fasfonta kuma yana hannun masu sabunta izinin zama. Ita kaɗai ta yi takabarta a ɗaki, babu mai ce mata ya haƙuri. Hawaye ya ƙi zuwa. Ta yaya za ta yi kukan mutumin da take hangowa a tashar bas, da farar shaddarsa, yana tambayarta ko ta kusa?

A filin jirgin Kano yayanta Hambali ya tare ta.

"Gwarzo za mu wuce, Baba na jiranki."

"Kabo za ka kai ni, Yaya."

"Ki huta tukuna mana, kin ga idonki kuwa?"

"Don Allah, Yaya... Kabo."

Ya kalle ta, ya tayar da mota suka nufi Kabo.

Badi'a suka fara tararwa a tsakar gidan Inna tana tankaɗe. 'Yar ƙanen Inna ce, wadda dangi suka so Muhsin ya aura, kuma har yau abin na cin ta.

"Lale da 'yan Kirsimeti!" Ta kaɗe hannu. "Mutuwar miji ba ta kawo ki ba, bikin coci ya kawo ki. Ni fa tuni na faɗa wa mutane ko takaba ba ki yi ba."

Zinnira ta wuce ta kamar ba da ita ake ba. Ta durƙusa a bakin ƙofar Inna.

"Inna, ina wuni? Mun same ku lafiya? Ya... ya haƙuri?"

"Da godiya. Ya hanya?"

Tsohuwar ta rame, ta zama ƙarama a kan tabarma. Idanunta sak na Muhsin, har Zinnira ta kasa kallonsu.

"Inna, roƙo na zo yi. A kai ni kabarinsa."

"Mace a makabarta?" Badi'a ta rafka salati daga waje. "Inna, kin ji abin da Turai ta koya mata ko!"

"Yana kirana, Inna." Muryar Zinnira ta karye. "Kullum yana tambayata ko na kusa. Wallahi ban san me zan ce masa ba. Na gaji... ina tsoron hankalina."

Inna ta ajiye carbin da take ja.

"Ranar, da aka gama masa wanka aka sa shi a likkafani, sai liman ya aiko a kira matarsa ta zo ta yafe masa, kafin a fita da shi. Ga shi ba kya nan. Waccan ta miƙe wai za ta shiga a madadinki."

Tankaɗen da ake yi a waje ya tsaya cak.

"Na ce ta zauna. Haushinki nake ji a lokacin, ba zan ɓoye miki ba. Amma na san wadda ɗana yake so. Na durƙusa a kansa, na rasa abin faɗi, sai na ce, Muhsin, Zinnira tana hanya." Ta share ido da gefen zani. "Na ce masa kina hanya. Tun ranar ni ma ban yi barcin kirki ba."

Ta yunƙura ta tashi, ta jawo mayafinta.

"Inna, mutane za su yi magana!" in ji Badi'a.

"Su yi."

Da la'asar sakaliya suka bi ta bayan gari, ta cikin gonakin da aka girbe dawa. A bakin shingen makabarta suka tsaya, ba su shiga ba. Tudun ƙasa ne birjik, damina ta zaizaye su, ba suna ba alama.

"Wanne ne, Inna?"

"Ban sani ba, 'yar nan. Ni da na haife shi yau na fara zuwa. Faɗi kawai."

Zinnira ta riƙe iccen shinge da hannu biyu.

"Muhsin... masoyina... na iso. Na yafe maka duniya da lahira. Ka yafe mini."

Ta kasa kunne, ta jira. Ba abin da ya amsa sai kukan awaki can nesa. A nan ne ta yarda ya mutu. Ta durƙushe a ƙasa, kukan da ya ƙi zuwa tun damina ya ɓalle mata, mai sauti, har da shessheƙa.

Inna ta zauna a ƙasa kusa da ita, ta ɗora kan Zinnira a cinyarta. Ba ta ce ta yi shiru ba.

Sai da rana ta yi ja sannan ta shafa bayanta.

"Tashi mu je gida, 'yata. Bar shi ya kwanta haka nan."