Aljanin da Sabuntawa Ta Kulle

Dutsen farko ya faɗo kan kwano ana kiran magariba. Injiniya na tsakar gida yana alwala, ya ɗaga kai ya ce yaran maƙwabta ne. Na biyu kuwa daga cikin ɗakin ajiya ya fito, ɗakin da yake a kulle, babu kowa ciki sai na'urar da ke riƙe da bayanan wasu shagunan magani da yake kula da su.

Da yammacin nan na'urar ta sabunta kanta. Kamar yadda ta saba, ta watsar da saitin da ya yi mata, ta koma yadda aka ƙero ta, ba ta karɓar kowa daga waje. Masu shaguna sun yi ta kira. Injiniya, mutumin da bai taɓa yin yau abin da zai iya jira gobe ba, ya kashe wayarsa.

Jifa bai tsaya ba. Kashegari da faɗuwar rana aka ji ana kai da kawowa a ɗakin, ana taɓa bango kamar mai neman ƙofa. Sai Auta, 'yarsu ƙarama, ta daina cin abinci. Ta je ta tsaya jikin ƙyauren tana kankarar sa da farce, idonta a kafe. Uwar ta kira sunanta har muryarta ta dushe, yarinyar ba ta waiwayo ba.

Aka ɗauko Malam. Ya zauna ya daɗe yana karatu, gidan ya yi tsit, sai ƙugin fankar na'urar. Can bakin Auta ya buɗe da muryar dattijo.

"Ya isa, Malam. Kana ƙona ni a banza."

"Fita daga jikin yarinyar nan."

"In bi ta ina? Wucewa kawai nake yi ta cikin wayar na'urar nan, hanyata ce. Ina tsakiya aka rufe gaba, aka rufe baya. Na yi jifa, na buga bango, mai gidan nan ko a jikinsa. A buɗe mini, in sake ta."

Malam ya juyo. "Injiniya, wace ƙofa ka rufe?"

"Wallahi ba ni ba ne, Malam, sabuntawa ce. Cewa na yi gobe zan..."

"Gobe!" in ji matarsa, tana kuka. "Tashi, don Allah!"

Ya buɗe ɗakin, ya durƙusa gaban na'urar. Aikin da yake yi ido rufe, ranar yatsunsa suka yi ta kuskure. Da ƙyar ya mayar da saitin. Ƙaramar fitila ta koma kore, labule ya motsa, Auta ta yi atishawa ta sulale jikin uwarta.

Da ta farfaɗo ta nemi ruwa. Ta sha, ta daɗe tana kallon ubanta.

"Baba, aljanin nan shi ma yana da 'ya kamar ni. Tun jiya take tsaye a waje tana kiran sa."