Rigima a Kan Lokacin Bulbul

Ranar da Charu ta fara ganin Nilesh, faɗa ta je yi da shi.

Saura wata huɗu jarrabawar fita aji sha biyu, kuma a ranar sau biyu tana kama ƙanwarta Bulbul tana gyangyaɗi a ajin da ita Charu take koyar da kemistiri. Da ta tambaye ta aikin gida, sai yarinyar ta fashe da kuka.

"Didi, yayata, yaushe zan yi? Ƙarfe bakwai ina makaranta, uku ina lesin, in na dawo tambayoyi arba'in na Nilesh Sir suna jirana. Ke ma kin ba da talatin. Ni mutum nawa ce?"

Ana tashi Charu ta figi babur ɗinta, ta keta cunkoson birnin Indore har gidan lesin da ke saman shagon mai alawar jalebi. Ta tarar da wani dogon saurayi yana goge allo, alli ya ɓata masa hannun riga.

"Kai ne mai kashe mana yara da lissafi?"

Ya juyo ya kalle ta sama da ƙasa. "Ke ce mai riƙe su awa shida ana kiran suna?"

Suka yi ta yi, ba wanda ya saurara wa wani. Can ya ajiye tsumman ya ce, "To Madam, ni na ɗauki yamma, ke kin ɗauki safe. Yaushe yarinyar take zama ita kaɗai ta fahimci abin da muka ɗura mata?"

Charu ta ga gaskiya ya faɗa. Haushin hakan ya fi na komai. Ta karɓi lambarsa, wai don su riƙa daidaita aikin da suke ba yaran.

Ba abin da ya daidaitu. Shugabar makaranta ta ce ba a rage aikin gida ana gab da jarrabawa. Mai gidan lesin ya ce iyaye yawan takardu suke son gani. Saƙonni ne kawai suka yawaita.

"Sarauniyar masifa, yau tambaya goma kacal na ba su. A yaba min."

"Goma masu ƙahoni. Na gani."

"Kin karya kuwa? Akwai mai sayar da poha ta karin kumallo kusa da makarantarku, kullum sai na wuce ta wajen ban san dalili ba."

"Ka san dalili, malamin ƙarya."

Labarin shaƙuwarsu bai daɗe ba ya kai kunnen mahaifinta, tsohon hedimasta da ya tsani masu lesin kamar ya tsani mutuwarsa.

"Mai sayar da ilimi a saman shago? A gidana?" Ya buga sandarsa a ƙasa. "Gwaggonki ta kawo maganar aurenki da wani yaro ma'aikacin jirgin ƙasa. Aikin gwamnati, ba kame-kame ba."

"Papa, ko sau ɗaya ba ka gan shi ba."

"Na ga irinsa ɗari."

Ana cikin haka sakamakon jarrabawar gwaji ya fito, Bulbul ta faɗi lissafi. A ranar kuma Charu ta gano cewa Nilesh ya hana yarinyar zuwa lesin kwana uku a mako. Ta san halin gidajen nan sarai: in ɗalibi ya yi rauni sai a lallaɓa a kore shi, kada ya ɓata musu suna. Nan take ta rubuta masa.

"Ashe Papa ya fi ni ganin mutane. Kada ka sake nemana."

Ya kira sau bakwai, ba ta ɗauka ba. Ma'aikacin jirgin ya zo shan shayi, ya kwashe awa guda yana bayanin ƙarin girma. Charu tana murmushin dole, zuciyarta kamar ta tsage.

Mako biyu tana zagaye gida fuska a murtuke, kafin Bulbul ta tare ta a kicin.

"Didi, ke fa ba kya tambaya, sai yanke hukunci. Ba ni kaɗai ba ce, dukanmu 'yan ajin Nilesh Sir ya ce mu zauna gida kwana uku mu yi karatun kanmu, mu kawo masa abin da ya gagare mu kawai. Mai gidan lesin ya ji ya sallame shi. Yanzu a lambun unguwa yake duba mana ranar Lahadi. Kuma wallahi sai yanzu na fara gane lissafin."

Lahadi ta same shi a kan benci, yara sun watse.

"Me ya sa ba ka gaya min ba?"

"Sau bakwai na yi ƙoƙari."

"Ka yi haƙuri, Nilesh."

"Sarauniyar masifa tana ba da haƙuri? Bari in zauna da kyau, kada in faɗi."

Ta yi dariya tana share ido. "Kana ba ni haushi ƙwarai."

"In kin yarda, zan ci gaba da ba ki har tsufa."

A watan Mayu sakamako ya fito. Bulbul ba ta zo ta ɗaya ba, ba a buga hotonta a bango ba, amma ta ci lissafi da maki tamanin da ɗaya. Mahaifinsu ya daɗe yana kallon sakamakon a waya, sannan ya sa aka kira masa Nilesh. Ya titsiye shi da tambayoyi awa biyu cur, daga sunan kakansa har yadda ake koyar da yaro mai tsoron lamba. Charu tana bayan labule tana kasa kunne.

Daga ƙarshe ta ji tsohon ya yi gyaran murya.

"Shekara talatin da biyar ina koyarwa, ban taɓa yarda in ce wa yaro tafi gida ka yi tunani da kanka ba. Charu! Kawo wa malamin nan shayi, ki sa sukari sosai."

A watan Disamba aka yi aurensu, suka zagaya wuta sau bakwai bisa al'ada, gefen mayafinta ɗaure da nasa. Da suka sunkuya suka taɓa ƙafafun tsohon don neman albarka, ya ɗora hannu a kan kowannensu.

"Ku rayu tare, ku tsufa tare. Ubangiji ya cika gidanku da haske, ya ba ku 'ya'ya masu jin magana fiye da uwarsu."