Raddin Nu'man

"Goge shi, Yaya Nu'man!"

"In goge mi, Latifa? Gaskiya na hwaɗi..."

"Babana ne hwa!"

Nu'man ya shafa gemunsa, wanda bai gama cika ba tukuna. Saura wata guda ɗaurin aurensa da Latifa, lefe ma an kai. Yaro ne mai kirki, sai dai tun da wa'azinsa ya karɓu a TikTok, ba ya iya ganin kuskuren wani ya wuce bai ɗauko waya ba.

Bana Konni ta Nijar ta riga Illela ganin watan Sallah da kwana ɗaya. Malam Attahiru, mahaifin Latifa, a Illela yake, amma da ƙanensa na tsallaken iyaka ya rantse masa ya ga wata da idonsa, sai ya sha ruwa, ya ja almajiransa idi a bayan gari. Wani ya ɗauki hoton sahun ta baya ya tura wa Nu'man. Shi kuwa bai tsaya tambayar wane ne limamin ba, ya yi bidiyon raddi mai zafi, ya kira shi tsoho mai raba kan al'umma. Kafin la'asar har can garin Tozai an kalla.

"Rabin raina, ban san shi ne ba, wallahi!"

"Yanzu ka sani. Tahi ka ba shi haƙuri."

Washegari da hantsi ya zo cikin farar shadda. Latifa ta laɓe bayan ƙofar zaure, tana leƙe, don tana son sa ƙwarai. Ta ga ya durƙusa gaban Malam, ta ji sanyi a ranta. Sai kuma ta ga ya jingina wayarsa da butar alwala, ya gyara ta har ta kama fuskokinsu duka biyu.

"Jama'a, assalamu alaikum. Yau na zo gaban mahaifina in nemi..."

"Nu'manu," in ji Malam a hankali, "wa kaka ba haƙuri, ni ko su? Kashe abin ga, mu yi magana irin ta ɗa da uba."

Nu'man ya dubi wayar. Mutane na ta shigowa kallon kai-tsaye a TikTok, ana ta yi masa ruwan masha Allah. Ya miƙa hannu, hannun ya tsaya a hanya.

"Malam, ɗan dakata kaɗan... mutane sun taru."

Malam ya ɗauki carbinsa ya shige gida. A bayan ƙofa ya tarar da 'yarsa, hawaye sun jiƙa mata hijabi.

"Ɗiyata, ni na yahe mishi. Batun aure kuwa naki ne. Kina son shi?"

"Ina son shi, Baba."

Daga zaure muryar Nu'man na tashi, yana yi wa jama'a bayanin falalar yafiya. Ta saurara na ɗan lokaci, sannan ta share fuska.

"A maida musu kayansu."