Inbatar da Auta Ya Zaɓa

Tun a shago na faɗa wa Auta. Injin yankan ƙarfe ba fanka ba ne. Lokacin da zai tashi, wutar da yake zuƙa ta ninka abin da aka rubuta a jikinsa. Ban yi boko ba, amma inbata biyu, na'urar nan mai mayar da wutar batir irin ta gida, suka ƙone a hannuna kafin na gane haka.

"Inna, lambar jikin kwalin ta yi daidai," in ji shi.

Mutum da furfura a gemu, ya yarda da kwali ya bar uwarsa. Ya ɗauki ƙaramar inbata.

Gonar da na saya tana da tsohuwar rijiya. An rufe bakinta da faifan ƙarfe, an bi shi da walda zagaye. Shukata na mutuwa da ƙishi, ga ruwa a ƙasa. Babu wuta a wurin, sai batirin motarmu.

Mun isa bayan la'asar. Na sa ya ajiye motar tana fuskantar gangare, don ni ban taɓa yarda da batir ba. Ya maƙala wayoyi, ya kunna. Injin ya yi gurnani, inbata ta yi tsuwa, jar fitila ta kama. Ya kashe, ya sake kunnawa. Ya yanka kamar tsawon yatsa, sai tsuwa. Haka muka yi ta yi, raina na ɓaci.

"Ka dai bar motar a kunne," na ce.

"Mai fa, Inna?"

Ina can ina duba shuka ya kashe ta.

Rana ta faɗi, rabin murfin kawai muka ci. Inbata ta yi wata doguwar tsuwa ta mutu. Ko jar fitilar babu. Auta ya ajiye injin a ƙasa, ya ƙi kallona. Na buɗe baki zan wanke shi tas.

Sai na ji sanyi a ƙafafuna. Ta tsagar da muka yi yake fitowa, da warin ruwan da ya daɗe a rufe. Gyare duk suka yi shiru.

Sai ƙarar yanka ta ci gaba.

Na dubi injin. Yana kwance a ƙasa, faifansa ko motsi.

Daga cikin rijiyar ƙarar take. Tartsatsi na fitowa ta tsagar, yana tashi sama, daidai inda muka tsaya.

"Inna," Auta ya ce da raɗa.

"Rufe min baki. Mota."

Ƙarar ta tsaya. Wata murya ta fito ta tsagar, a hankali, kamar mai jin nauyinmu.

"Saura kaɗan. Ku ƙarasa mana."

Auta ya murɗa makulli. Ƙas. Ƙas. Batir ya mutu.

A bayanmu yankan ya dawo, da sauri.

"Fita ka tura."

Na shiga gaba, na sa giya ta biyu. Ya tura. Motar ta gangara. Na saki kuloci, ta yi tari, ta ƙi.

Murfin ya yi ƙara, kamar an sa masa kafaɗa.

Na sake saki. Ta tashi. Auta ya faɗo ciki, ƙafa ɗaya ba takalmi.

Washegari da hantsi muka koma da magina da siminti. Yankan ya zagaye murfin, saura faɗin yatsa biyu. Wanda ya yanka ƙarfe daga sama, bakin yankan ƙasa yake lanƙwasawa. Rabin da ba namu ba, sama yake kallo. Muka binne shi da kankare. Shukar ta mutu.

Yanzu Auta na bin mutane yana cewa ƙaramar inbatarsa ce ta cece mu, da babba ce da mun buɗe tun da rana. Ban musa ba. Amma ba ita ce ta dace da injin ba, kuma ko gobe ya tambaye ni, haka zan faɗa masa.