Tsuntsaye Kai a Ƙasa

Wai a wani zamani an yi wata yarinya da uwarta ke ɗinki a gida. In tsohuwar riga ta yi wa uwar kyau, sai ta warware ta, ta shimfiɗa a kan sabuwar atamfa, ta bi gefenta da almakashi.

Ran nan tana cikin yanka atamfa mai zanen tsuntsaye, aka kira ta maƙwabta. Yarinya ta yi wuf ta yanke bayan rigar. Da ta ɗaga, sai ga tsuntsaye duk kai a ƙasa.

Uwar ta dawo, ta daɗe tana kallon ƙyallen. "Innalillahi! Ni na yi wannan? Ashe idon nan ya tafi. Daga yau na bar ɗinki."

Uwar ta naɗe atamfa. Ta jawo murfin keken ɗinki za ta rufe, sai yarinya ta yi magana.

"Inna, ni ce. Idonki lafiya lau."

Uwar ta saki murfin, ta yi ajiyar zuciya. "Ja'ira, kin kusa kashe ni! Zo riƙe min nan, mu gani ko hannun riga zai fita a ciki."