Rigar da Pelagiya ta Rina

"Ɗan Shuɗi? A gidana?" Zotikos marini ya dubi 'yarsa Pelagiya kamar ta zage shi. Ya ce gara ya aura mata jakin mai ruwa.

Haka muke a Kustantiniya. Tseren keken doki ya raba mu gida biyu, 'yan Kore da 'yan Shuɗi, kuma mun fi saurin yafe wa ɓarawo a kan mai ɗaya launin. Zotikos Kore ne tun kaka da kakanni. Saurayinta Markiyanos kuwa, mai gasa burodi, Shuɗi ne har ɓargo, ita kuma tana mutuwar sonsa.

Sai dabara ta faɗo mata. 'Yar marini ce, ta san shuɗi in ya sha rawaya kore yake komawa. Ta karɓi shuɗiyar rigar Markiyanos ta tsoma a rawaya.

"Ka zauna kusa da Baba a filin tsere, masoyina. In ya san halinka, launi ba zai dame shi ba..."

"In dokinmu ya ci fa? Kuka zan yi?" ya ce yana dariya.

"Yi abinka, ni zan share maka hawayen."

Ranar ba a yi tsere ba. Gari ya yi wa sarki bore, jama'a suka cika filin maƙil. Da yake sarki na Shuɗi ne, mutanen fada suka bi suna raɗa wa masu shuɗiyar riga su sulale. Babu wanda ya raɗa wa Markiyanos. Sojoji suka rufe ƙofofi, suka far wa sauran da takubba.

Zotikos ya dawo yana ɗingishi, rungume da wata riga. Ya ce wani yaron kirki, ɗan Kore na gaske, ya kife a kansa, takobin soja ya kashe yaron a maimakonsa. Ko sunansa bai tambaya ba. Ya roƙi 'yarsa ta wanke jinin, zai nemo uwar yaron ya kai mata.

Pelagiya ta gane ɗinkin wuyan. Ta sa rigar a ruwa. Rinin gaggawa ne, bai kama ba. Rawayar ta bi jinin ta fita, shuɗin ya dawo a kan idon tsohon. Marini ne, ba sai an faɗa masa ba.

"Shi ne?"

"Shi ne, Baba..."

Har yau rigar na rataye a marinarsa. Pelagiya ba ta yi aure ba. Ta ce duk sanda iska ta kaɗa rigar, ƙamshin burodi take ji a bayanta, kuma tsoron waiwayawa take yi. In baƙo ya tambayi abin da ya kawo shuɗiyar riga gidan Kore, Zotikos kan sunkuyar da kai.

"Ta surukina ce."